Haddar Da Ba Ta Da Mazauni

Jiya bayan isha'i autata, 'yar aji biyar, ta karanto min ƙananan hukumomin jiharmu ta Gombe guda 11 tiryan-tiryan, daga Akko har Yamaltu/Deba, ko numfashi ba ta ja ba. Na ce madalla, to Nafada tana ina, arewa ko kudu? Sai ta yi tsuru-tsuru, ta ce, "Baba, ai ba a ce mu haddace wannan ba."

Ban ga laifinta ba. Na yago bayan kwalin taliya, na zaro gawayi a murhu, na zana mata Kogin Gongola. Ga shi ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratso ƙasar Bauchi, ya zo wajen Nafada ya yi kwana, ya gangaro ta madatsar Dadin Kowa, har Numan inda ya faɗa Binuwai. Billiri da Kaltungo na sa su can ƙasa cikin duwatsu. A kan kwalin nan na nuna mata yadda fadar Gombe ta tashi daga Gombe Abba ta koma Nafada a 1913, sannan ta dawo Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Da safe na ɓoye kwalin na sake tambaya. Sai ga ta tana lanƙwasa yatsa a iska tana bin kogin, amsa na fitowa.

Wani masani ɗan Kanada, Allan Paivio, ya bayyana dalili tun 1971: ƙwaƙwalwa tana ajiye magana ta hanya ɗaya, hoto ta wata hanyar, abin da ya shiga ta biyun kuwa yana da igiya biyu da za a jawo shi. Amma mu sai Bature ya gaya mana? Tambayi duk mahaddacin da ya yi tilawa da Mus'hafin Madina mai shafi 604, zai ce maka ayar tana shafin dama, wajen sama. Canja masa bugu ka ga yadda zai yi ta tuntuɓe. Idonsa ma ya yi hadda tare da bakinsa.

Shi ya sa nake ganin mun juya abin a makarantun boko. Sai yaro ya gama shan karatu, in an ga dama a nuna masa taswira. Kamata ya yi ta riga karatun, kuma yaron ya zana da hannunsa, ko ta karkace. Ba hotunan ado nake nufi ba, irin waɗanda ake cika littafi da su don a ƙara kuɗi.

Kada kuma a ce babu kayan aiki, alli da allo sun isa. Na leƙa makarantar tasu yau. Taswira ɗaya ce tal, a ofishin hedimasta, ta yi ƙura, kuma Gombe tana nan cikin Bauchi, kamar 1996 ba ta zo ba.