Masu selfi sun hana mutane ganin Perseus

Wallahi abin da ake yi a Loggia dei Lanzi ta birnin Florence na Italiya yana ci min rai. Rumfa ce tun 1382, dab da gidan zane-zanen Uffizi, shiga kyauta, ga mutum-mutumin tagulla na Perseus, jarumin tatsuniyar Girkawa, da gwanin sassaƙa Cellini ya ƙera riƙe da kan dodanniya Medusa, amma ina, kowa ya juya masa baya ya ɗaga waya, wata ta gyara gashi ta ɗauka ta goge ta sake ɗauka, kai kuma kana ta leƙe ta kafaɗarta. Haba jama'a, shekara tara fa mutumin nan ya yi yana wannan aikin! Ga kuma 'yan rakiyar masu yawon buɗe ido da 'yar tutarsu, su kwaso mutane bas guda su toshe matakalar gaba ɗaya.