Masu shirin zaga kwazazzaban Utah da Arizona da kaka, ku rage buri

'Yan'uwa mazauna Amurka, da masu zuwa ziyara da ke shirin hayar mota su zaga gandayen dajin Utah da Arizona, don Allah a daina cusa Zion, Bryce Canyon, Capitol Reef, Arches, Canyonlands da Grand Canyon cikin kwana biyar. In ka tashi daga Las Vegas ka zago ka dawo, ka ci kusan kilomita 2,000. Tsakanin garin Moab, da ke kusa da Arches da Canyonlands, da Grand Canyon kaɗai tuƙin kusan awa shida ne. Duk wanda ya yi wannan a kwana biyar, kwalta da gidajen mai ya je kallo. Ko dai a ware kwana goma, ko a tsaya a Zion, Bryce da Grand Canyon, a bar na wajen Moab sai wani jiƙon.

A ganina Oktoba ne watan tafiyar. Zafi ya karye, daminarsu da ke farawa a Yuli ta ja baya tun tsakiyar Satumba, bishiyoyin bakin rafi sun koma ruwan ɗorawa.

Inda mutanenmu suka fi yin kuskure shi ne tunanin cewa zafi kawai za a tarar, tunda hamada ce. A can tudun ƙasa ne ke juya yanayi. Cikin kwarin Zion bai wuce mita 1,200 sama da teku ba, da rana riga ɗaya ta ishe ka. Tuƙin awa biyu ya kai ka Bryce, wanda ke tsakanin mita 2,400 da 2,700, inda da asuba ruwa ke daskarewa a gilashin mota, wani lokacin har ƙanƙara ta zuba a Oktoba. A zo da rigar sanyi mai kauri, hula da safar hannu. Mai niyyar kwana a tanti ya nemi jakar barci da aka yi don sanyin da ya yi ƙasa da sifili, bargon gida ba zai riƙe shi ba.

Sai ambaliya, wadda ta fi komai ba ni tsoro. Dutsen nan ba ya shan ruwa. Hadari zai zubar da ruwa can nesa inda ba ka gani, ruwan ya tattaru ya danno cikin matsattsen kwari da itatuwa da duwatsu, alhali a kanka rana ce tarwai. A Satumban 2015 mutum bakwai suka rasu haka a Keyhole Canyon cikin Zion. A Agustan 1997 mutum goma sha ɗaya suka rasu a Antelope Canyon, wani matsattsen kwari kusa da garin Page a Arizona. Saboda haka kafin ka shiga Narrows a Zion, inda ake tafiya cikin kogin Virgin tsakanin bangayen dutse, ka duba allon hasashen ambaliya a ofishin baƙi. Ka ga ruwa ya fara canza kala ko ya ɗauko shara, ko ka ji rugugi daga sama, ka hau tudu nan take, kar ka ce za ka tsere masa da gudu. Ruwan kogin kuma a Oktoba sanyi ƙarara ne, sai a yi hayar takalmi, safar roba da sanda a garin Springdale da ke ƙofar Zion.

A Zion ba a barin motar gida ta shiga babban kwarin daga Maris zuwa ƙarshen Nuwamba, bas ɗin gandun ake hawa kyauta, kuma wurin ajiye mota kan cika tun da hantsi. Hawan dutsen Angels Landing sai da izini tun 2022, ta hanyar ƙuri'a a shafin Recreation.gov.

Batun kuɗi: katin shekara na shiga gandayen, mai suna America the Beautiful, dala 80 ne ga mazauna ƙasar, kuma ya wadatar da duk wanda ke cikin mota ɗaya. Daga Janairun 2026 baƙon da ba mazauni ba dala 250 yake sayensa, in ba shi da shi kuwa ana ƙara masa dala 100 a kan kuɗin shiga a Zion, Bryce da Grand Canyon. Mai zuwa daga gida ya sa wannan a lissafi tun kafin ya sayi tikitin jirgi.

Ga wani abu da ke sa mutane asara: agogo. Har zuwa Lahadin farko ta Nuwamba, Utah tana gaban Arizona da awa ɗaya, yankin ƙabilar Navajo kuma yana bin lokacin Utah duk da yawancinsa a Arizona yake. A kusa da garin Page wayarka za ta riƙa tsalle tsakanin biyun. Antelope Canyon ba a shiga sai da ɗan jagora na Navajo, da lokacin Arizona kuma suke aiki. Ka saita wayar da hannu a kan lokacin Phoenix, babban birnin Arizona. Lokutan salla ma a kula, kodayake matafiyi yana da sauƙin ƙasaru.

Mota kar mai ya sauka ƙasa da rabin tanki, musamman a hanya mai lamba 12 da tsakanin Hanksville da Green River. Cikin Canyonlands babu gidan mai. Kowane mutum lita huɗu na ruwa a rana, ga ƙari a but. Hanyar da ba kwalta a bar ta: yawancin kamfanonin haya inshorarsu ba ta biya in abu ya faru a can, kuma yumɓun yankin in ya jiƙe ko mota mai ja da ƙafa huɗu kafewa take. Tuƙin magariba ma a rage shi, lokacin ne bareyi ke tsallaka titi. Naman halal da kayan abinci a yi sayayyarsu a Las Vegas a zuba a kula, don ƙananan garuruwa irin Torrey ba za ka samu ba. In ka isa Capitol Reef ka tsaya a lambunan Fruita, ana barin baƙi su tsinki tuffa in lokacinta ne.

A Grand Canyon ka nufi ɓangaren kudu, wanda ke buɗe duk shekara. Na arewa dama a tsakiyar Oktoba yake rufe hidimominsa, ga shi gobarar daji ta Yulin 2025 ta cinye masaukinsa. Kar ka kuskura ka ce za ka sauka har kogin Colorado ka hauro a yini ɗaya. Hawa yana cin ninki biyu na lokacin sauka, kuma ƙasan ya fi saman zafi da kusan digiri goma. Hanyar South Kaibab zuwa Ooh Aah Point, kilomita uku zuwa da dawowa, ta ishi mai zuwan farko. Babu famfo a kanta, sai ruwan da ka riƙo.