Tsofaffin mawaƙan rock da ɗumamen waƙoƙinsu

A watan Agustan 2025 John Fogerty, yana da shekara 80, ya fitar da faifan Legacy mai waƙoƙi 20, dukkansu tsofaffin waƙoƙin ƙungiyarsa ta da, Creedence Clearwater Revival, da ya sake naɗa tare da 'ya'yansa Shane da Tyler. Kowace waƙa an liƙa mata laƙabin "John's Version", irin salon da mawaƙiya Taylor Swift ta fito da shi lokacin da ta sake naɗa tsofaffin faifanta. Nan da nan masu sharhi suka kama guɗa, wai dattijo ya ƙwato dukiyarsa. Wannan guɗar ce ta dame ni fiye da faifan kansa, domin an ɗauki lissafin kasuwa an naɗa masa rawanin fasaha.

Kowace waƙa da ke kan faifai haƙƙi biyu ne a kanta. Akwai haƙƙin wanda ya tsara baiti da kari, akwai kuma haƙƙin asalin naɗin da aka yi a sitidiyo, wanda a tsofaffin kwantiragi kusan kullum na kamfani ne. Mai shirya fim ko talla da ke son waƙa dole ya biya ɓangarorin biyu, kuma galibi kuɗin daidai wa daida ne. Idan marubucin waƙar ya sake naɗa ta da kuɗinsa, sai ya riƙe wuƙa da nama: yana iya hana izini a kan tsohon naɗin, ya miƙa sabon, ya karɓi kason biyu. Dokar Amurka ta buɗe wannan ƙofa, tunda kwaikwayon sautin faifai ba laifi ba ne matuƙar sabbin hannaye ne suka kaɗa komai daga farko. Abin da ke tare mawaƙi kawai shi ne sharaɗin kwantiragi, wanda a da yakan hana sake naɗi na kamar shekara biyar bayan fitar waƙa, ko biyu zuwa uku bayan ƙarewar yarjejeniya.

Dabarar tsohuwa ce. Chuck Berry ya yi ta a 1967 bayan ya koma kamfanin Mercury daga Chess. 'Yan ƙungiyar Def Leppard sun yi ta a 2012 lokacin rikicinsu da kamfanin Universal kan kuɗin sayar da waƙa a intanet, kuma su dai sun yi gaskiya, da bakinsu suka kira abin jabu. Da aka sasanta, asalin faifansu suka hau manhajojin sauraro a Janairun 2018, wa ya ƙara neman kwafin? Ita ma Swift, da ta sayi asalin naɗe-naɗenta a Mayun 2025, ta bayyana cewa ko rubu'in faifan Reputation ba ta sake naɗawa ba. Da mallaka ta samu, zumuɗin ya kwanta.

Fogerty kuwa babu mai musun cewa an cuce shi. Kamfanin Fantasy na Saul Zaentz, mai riƙe da waƙoƙin Creedence a lokacin, har kotu ya kai shi bisa zargin ya saci salon waƙar da shi da kansa ya rubuta, amma Fogerty ya yi nasara a 1988. Amma wannan yaƙin ya ƙare tun Janairun 2023, lokacin da ya sayi kaso mafi tsoka na haƙƙin rubutun waƙoƙinsa daga kamfanin Concord. Kuma Concord ɗin nan, mai riƙe da asalin faifan Creedence, shi ne ya fitar da Legacy. To tawaye ga wa ake yi?

Masu cewa "waƙarsa ce, ya yi yadda ya ga dama" sun amsa tambayar da ba wanda ya yi. Tambayar ita ce ko faifan da aka fitar a 1969 aikin mutum ɗaya ne. "Proud Mary" da duniya ta sani ta ƙunshi gangar Doug Clifford, da jitar bes ta Stu Cook, da jitar marigayi Tom Fogerty, wato sauran 'yan Creedence. A sabon naɗi babu hannun ko ɗayansu, saboda haka babu kasonsu a ciki. Duk lokacin da wani ya danna kwafin a maimakon asalin, kuɗin ya kauce wa mutanen da suka gina sautin da ake kwaikwayo. An taɓa ganin mafi munin wannan. A 2002 aka sake fitar da Blizzard of Ozz da Diary of a Madman na marigayi Ozzy Osbourne, bayan an goge bes ɗin Bob Daisley da gangar Lee Kerslake, waɗanda ke shari'a da shi kan kuɗinsu, aka sa Robert Trujillo da Mike Bordin suka maye gurbin. Masoya suka yi ca, sai a 2011 aka dawo da asalin.

Ko a ajiye batun adalci, kwafin yakan lalace a sitidiyo, kuma dalilan sanannu ne. Makaɗan wancan zamani a ɗaki ɗaya suke kiɗa, makirufon ganga na tsintar sautin jita, na jita na tsintar ganga, komai ya cakuɗe ya zama jiki ɗaya a kan tef mai layi 8 ko 16. Babu na'urar ƙirga bugu a kunnen mai ganga, don haka idan an zo amshi yakan ɗan ƙara sauri da bugu biyu ko uku a minti, ya sassauta a baiti. Wannan numfashin shi ke sa waƙa tashi. Yau kowa shi kaɗai yake shiga, a jera kowane bugu kan ma'aunin kwamfuta, a gyara murya da manhajar Auto-Tune, sannan a matse sautin don ya yi ƙara a waya. Sai a samu kowane sauti a mazauninsa, amma babu zufa.

Ga kuma murya. Maƙogwaron ɗan shekara 70 ba kasafai yake kai inda ya kai yana ɗan 25 ba, sai a sauke waƙar da rabin mataki ko mataki guda. Jita ce ke biyan bashin: ko dai a sassauta dukkan tsirkiyoyi shida, sautin ya yi nauyi ya dusashe, ko a canza kamun yatsu, a rasa amon buɗaɗɗiyar tsirkiya da aka gina kiɗan a kansa tun farko. A yi wa Fogerty adalci, muryarsa ta riƙe fiye da ta yawancin sa'o'insa. Sai dai hakan ya ƙara fito da matsalar fili. Idan kwafi ya kauce wa asali, an ce ya gaza. Idan ya yi kama da shi sak, mai sauraro bai ƙaru da komai ba, tunda asalin na nan a wayarsa.

Sake naɗin da ya cancanci kuɗin mutane shi ne wanda ya yarda an tsufa. Joni Mitchell ta naɗi "Both Sides Now" a 1969 tana da shekara 25, ta fitar da sabon naɗinta a 2000 tana da 56, da murya mai kauri da ta yi ƙasa sosai, ga babbar ƙungiyar masu goge a bayanta. Baitocin ba su canza ba, amma ma'anarsu ta canza, domin yanzu wadda ta ga rayuwar ce ke faɗa. Eric Clapton ya yi haka da "Layla" a 1992, ya cire wutar 1970 ya mayar da ita tafiyar hawainiya. A lura da adadi: tsofaffin waƙoƙinta biyu kacal Mitchell ta saka a faifanta na 2000. 'Yan ƙungiyar U2 kuwa a 2023 guda 40 suka zuba a Songs of Surrender, kusan duk an rage musu ƙarfi iri ɗaya, kamar dai cire ganga da yin raɗa-raɗa shi ne zurfin tunani. Roger Waters a shekarar ya sake The Dark Side of the Moon, faifan tsohuwar ƙungiyarsa Pink Floyd, ya cire kukan jitar David Gilmour ya cike gurbin da dogon surutu.

Gyaran ba shi da wuya. Spotify da Apple Music su riƙa nuna shekarar da aka naɗi kowace waƙa a fili, su daina barin kwafi yana shiga jerin "waƙoƙin 1969". Wanda ke son kwafi don cinikin fim da talla ya naɗa ya ajiye wa masu fim, kada ya sa masa bango ya kira shi sabon faifai. Illar ma ta riga ta wuce kan dattawan. Tun 2023 aka ruwaito cewa manyan kamfanoni sun fara tsawaita sharaɗin hana sake naɗi zuwa shekara 10, 15, har 30 a sabbin kwantiragi, kuma yaran da ba su da ko waƙa ɗaya da ta yi tashe su ne ke sa hannu a kai.