Binciken da Aka Yi Miya da Shi

A shekarata ta ƙarshe a jami'a, kafin yaƙin nan na ƙasarmu Sudan ya watsa mu, malaminmu ya ce kowa ya koma garinsu da damina ya auno yawan ire-iren tsirran wani fili. Ni na nufi gida, Mai Wurno, bakin kogin Nilu kusa da Sinnar, ina tafe da igiya da turaku huɗu da littafi, ina jin kaina kamar wani farfesa.

Aikin a baki ba wuya. Ka kafa turaku, ka zagaye mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi da igiya, ka durƙusa ka ƙirga: iri nawa ne a ciki, kuma kowane iri ƙwaya nawa. Daga nan sai lissafin wani Bature, Simpson, na 1949. Abin da yake tambaya shi ne, in ka rufe ido ka tsinko tsiro biyu, yaya yiwuwar su fito iri ɗaya? In amsar ta matso kusa da 1, iri guda ya mamaye wurin ke nan. In ta yi ƙasa, kowa ya samu wurin zama.

Ranar farko na zaɓi bayan gidanmu, saboda rana ba kanwar lasa ba ce. Na samu iri bakwai: lalo, gasaya, tsidau, harkiya, tafasa, 'yar tumfafiya, da wata ciyawa da ko littafin bai san ta ba. Tsidau kam ba sai na neme shi ba, gwiwata ce ta gano shi. Magariba ta yi ban gama ƙirga ƙwayoyin ba, na ce gobe ma rana ce.

Ashe tun da hantsi Kawu yana leƙena ta katanga. Lokacin kuwa zancen zinariya ya cika ƙasa, samari sai tafiya arewa suke da na'urar nema a kafaɗa. Da daddare ya ja ni gefe, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ɗan nan, in abin ya fito, ka tuna filin na gado ne." Na ce, "Wallahi Kawu ciyawa nake ƙirgawa." Ya gyaɗa kai, ya ce haka ake so, kada in gaya wa kowa.

Da safe na tarar da rami a kusurwa guda, zurfinsa ya kai gwiwa. Tsidau da ciyawar da ba ta da suna sun tafi da ƙasar. Akuyar maƙwabta kuma tana tsaye a tsakiyar igiyar tana tauna harkiyata, tana kallona ido cikin ido. Lalo da gasaya babu ko ganye.

Na zauna na ƙirga abin da ya rage: tafasa 18, tumfafiya 2, su da akuya ba ta kulawa. Lissafi ya ba ni 0.82. A dare ɗaya filina ya koma mulkin kama-karya.

Na shiga gida rai a ɓace, Kaka ta turo min tuwon dawa da miya mai yauƙi. Na share kwano, har na nemi ƙari. Sai da na wanke hannu ta ce, "Maigidana, Allah Ya yi maka albarka. Ban san kana da hankali haka ba. Ka kewaye min lalo da igiya, ban sha wahalar nema ba."

Na ce, "Kaka, binciken digirina fa ke nan!"

Ta ce, "To ba kai ka cinye abinka ba? Gasayar ma tana nan, gobe za a kwaɗa." Ta ɗan yi shiru, sannan ta ƙara da cewa in bar turakun inda suke, tafasar ba ta isa tsinka ba tukuna, kawal take so ta yi da ita, wato irin daddawar nan da ake yi da ganyen tafasa.