Korar malamin makarantar addini: abin da dokar Yahudawa ta ce ya dame ni

Tun a Talmud, babban kundin shari'ar Yahudawa, cikin babin da suke kira Bava Batra, malaman Yahudawa suka yi gardama kan wannan magana, kuma har yau ba ta mutu ba a makarantunsu na Isra'ila da Amurka. Tambayar dai ita ce, kana da malamin yara yana koyarwa daidai gwargwado, sai ga wani da ya fi shi iyawa, toh za ka sallami na farkon ne ko kuwa?

Wani babban malaminsu Rava ya ce a'a, a bar shi, don in ka kawo sabon zai ga ai ba kamarsa sai ya miƙe ƙafa ya yi sakaci. Rav Dimi na garin Nehardea ya ce sam, a canza shi, kishi tsakanin malamai ƙara ilimi yake yi. Da shahararren malaminsu Maimonides wanda ya rasu a Masar a 1204, da littafin fiƙihunsu Shulchan Aruch da aka buga a 1565, duk bayan Rav Dimi suka bi.

Ni ma nan na tsaya gaskiya, duk da abin da zafi. Shi kansa Ravan a wani wurin ya lissafa mutanen da ake iya kora ba tare da an yi musu gargaɗi ba in suka ɓata aiki, akwai malamin yara, mai dashen itatuwa, mahauci, wanzami mai ƙaho da marubucin gari, dalili kuwa ɓarnarsu ba ta gyaruwa. Yaron da ya haddace kuskure yana ɗan shekara shida, ko ya yi shekara guda a aji bai ƙaru da komai ba, wa zai biya shi wannan shekarar? Ba kuɗin da zai dawo da ita.

Amma fa a lura, hujjar gaba ɗaya kan yaro take. Ba ta ba hukumar makaranta lasisin korar dattijon da ya yi shekara ashirin yana wahala ba don kawai an samu matashi mai karɓar rabin albashinsa, ko don wani mai kuɗi cikin iyaye ya ji haushi an yi wa ɗansa faɗa, wannan ba kishin ilimi ba ne, lissafin aljihu ne aka lulluɓe da rigar addini. A Amurka abin ya fi tsanani, tunda Kotun Ƙoli a 2012 da kuma 2020 ta yanke cewa malaman da ke aikin addini a irin waɗannan makarantu ba za su iya kai ƙarar wariya wajen kora ba. Shari'o'in kan makarantun Kirista ne amma hukuncin ya shafi kowa, kenan abin da ya rage wa malami shi ne kotun addininsu, beit din, da kuma tsoron Allah na masu makaranta.

Kuma Attaura ta hana a saki bawa hannu rabbana, wani littafi nasu Sefer HaChinuch ya ce a yi wa ma'aikaci ma haka, Isra'ila ta mai da shi doka a 1963, albashin wata ɗaya kan kowace shekarar aiki. Wannan ɓangaren shi nake so masu Islamiyyu a garuruwanmu su ji, domin na san malamin da aka sallama da saƙon waya bayan shekaru yana koyar da tajwidi, ko kuɗin mota ba a ba shi ba, ya je ɗaukar littattafansa yaran ajin suka biyo shi har bakin ƙofa suna tambaya yaushe zai dawo.