Takeshi's Castle: dariyar wanda ya faɗa taɓo daban, wulaƙanta mabuƙaci daban

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon nan ba, wasu 'yan Japan sanye da hular kwano, hoton ma ya tsufa ya yi dishi-dishi, mutum ya sheƙo da gudu zai tsallake kududdufi a kan duwatsu, ya taka na farko lafiya, na biyu lafiya, na ukun ashe na bogi ne yawo kawai yake a saman ruwa, sai dai ka ji tsulum, ya ɗago kai duk taɓo yana dariya yana ɗaga wa kyamara hannu. Takeshi's Castle ke nan. Mutane da yawa suna kallo su ƙyalƙyale da dariya sannan su ce ai shirme ne, wasu ma cewa suke mutanen nan ba su san darajar kansu ba. To ni dai ban yarda ba, a ganina shirin nan ya fi yawancin abin da muke kira kontent yau kiyaye mutuncin ɗan Adam, kuma masu kwaikwayonsa a titunanmu sun ɗauki faɗuwar sun bar abin da ya halatta dariyar.

Tashar TBS ta Tokyo ce ta fara nuna shi a 1986, aka ci gaba har 1990. Mai gidan shi ne Takeshi Kitano, ɗan barkwancin da 'yan ƙasarsa suka fi sani da Beat Takeshi, shi ne wai sarkin da ke cikin ganuwa, sai wani jarumin fim Hayato Tani da ya fito a matsayin janar, sanye da fararen kayan soja, yana jan rundunar mutane wajen ɗari ko fiye su je su ci garin da yaƙi. Rundunar nan kuwa ba 'yan fim ba ne, gama-garin mutane ne, ɗalibai da ma'aikatan ofis da matan aure, su suka nemi shiga da kansu suka taho filin Midoriyama da ke Yokohama inda aka gina duk tarkacen. Kyautar yen miliyan 1 ce ga wanda ya kai ƙarshe ya ci sarki. Amma fa a cikin shiri sama da 130 da aka yi, cin nasarar bai kai sau goma ba. Ka ga ke nan duk wanda ya zo ya san kuɗin nan kusan ba nasa ba ne, abin da ya kawo shi kawai ya gwada, ya faɗi, a nuna shi a talabijin, ranar Litinin abokan aiki su yi ta tsokanarsa.

Wasannin kansu in ka lura ba haka kawai aka jefa su ba. Ɗauki na ƙofofi: bango ne a gabanka da ƙofofi jere, duk fenti iri ɗaya, wata takarda ce wata katako ne, kuma ba a yarda ka je ka ƙwanƙwasa ka ji ba, da gudu za ka zo ka afka. In ka dace ka ɓulla ta takarda ka wuce bango na gaba, in ba ka dace ba ka yi karo da katako ka dawo da baya ka zauna daɓas. Ba ƙarfi a nan, ba wayo, ƙato da siriri duk ɗaya, kuma mai tsoron da ya rage gudu don kar ya ji zafi shi ya fi ba da dariya don ko takardar ma ba zai iya fasawa ba. Ko na siririyar gadar nan mai lilo, janar ya harbo maka ƙwallo ruwan zinare ka cafe ka rungume, kana takawa a hankali ƙafa na rawa, dakarun sarki na ƙasa suna ta harbinka da baƙaƙen ƙwallaye daga igwa, raga na shimfiɗe a ƙarƙashi tana jiranka. Akwai wanda ƙwallo zai same shi ya zame amma ya maƙale da hannu ɗaya yana reto, bai saki na zinaren ba, to a wannan lokacin ba wanda ke masa dariyar raini, kowa addu'a yake ya hau. Wannan shi ne abin da gajeren bidiyo na daƙiƙa goma yake yankewa, ana nuna maka faɗuwar ba a nuna maka yadda kowa ya koma bayansa kafin ya faɗi.

Ɓangaren kacici-kacici kuma wani shirin ne ya fi ƙwarewa a kai, ya ma riga Takeshi's Castle fitowa. Trans America Ultra Quiz na tashar Nippon TV, an fara shi a 1977. Dubban mutane ake tarawa a filin wasa a Tokyo a jefa musu tambayar e ko a'a, a yi ta tankaɗe, waɗanda suka rage a sa su a jirgi, zango-zango ana zubar da wasu har a kai wasan ƙarshe a New York. A zangon tsibirin Guam ake yin wanda ya fi shahara: manyan alluna biyu, ɗaya da alamar da'ira wato gaskiya, ɗaya da alamar kuros wato ƙarya, a karanta maka tambaya ka zaɓa ka sheƙa ka fasa allon da jikinka gaba ɗaya. Bayan amsar daidai katifa ce, bayan ɗayar kuwa ramin taɓo. Wallahi wanda ya ƙirƙiro wannan ya san halin ɗan Adam, don ba dama ka ce "ina jin kamar", ba dama ka yi kame-kame irin na ɗalibin da bai yi karatu ba, sai ka tsaya a kan maganarka da ƙirjinka da fuskarka. Mai kallo a gida ma ya riga ya faɗi tasa amsar da ƙarfi, in mutumin ya faɗa taɓo to da shi aka faɗa, yana dariya ne ya san da shi ne da yanzu yana wanke kunne.

Amurkawa ma sun yi nasu na yara, Double Dare a tashar Nickelodeon, shi ma 1986, Marc Summers ke gabatarwa. A nan in an yi muku tambaya ba ku sani ba, ko kuna ganin abokan karawa ba su sani ba, sai ku tura musu kuɗin ya ninka, su ma suna iya dawo muku da ita ya sake ninkawa, daga nan ko ku amsa ko ku zaɓi wasan jiki, a yi ta tsalle-tsalle cikin wani koren abu mai yauƙi. Wato rashin sani ba abin kunya ba ne a tsarin, hanya ce kawai ta biyu, wanda kai bai kawo masa amsa ba ƙafa na iya fitar da shi.

Abin da ya kai Takeshi's Castle duniya kuwa baki ne. Kowace ƙasa ta ɗauki hoton ta ɗora nata surutun: Sifaniya da Italiya tun wajen 1990, Larabawa suka san shi da Al-Hisn, a Ingila Craig Charles ya yi masa sharhi a tashar Challenge, a Indiya Javed Jaffrey a tashar Pogo, Amurkawa kuma daga 2003 suka mai da shi MXC suka canza wa kowa suna suka ƙaga labarin da babu shi. Mu da muka saba da fassarar finafinan Indiya ba sai an yi mana bayani ba, mun san mai fassara na iya ɗaga fim ya kuma iya kashe shi. Kuma a nan ne ake fara samun matsala, don hoto ɗaya ne amma wani mai sharhin yana tsokanar mutum ne kamar abokinsa, wani kuma ƙasar mutumin da kamanninsa yake wa ba'a, wasu daga cikin fassarorin Turai na wancan zamanin ba su tsira daga wannan ba sam.

Masu suka suna da gaskiyarsu a wuri ɗaya, ban musa ba: abin akwai haɗari. Shirin Wipeout da tashar ABC ta Amurka ta fara a 2008, wanda ya yi kama da shirye-shiryen Japan har TBS ta kai ƙara kotu a shekarar kafin daga baya a sasanta, ya fi na asalin girma da tsada da katifu, amma duk da haka a 2009 wani ɗan takara ya rasu bayan ya kamu da rashin lafiya a wurin ɗaukar shirin, a 2020 ma wani ya rasu da ciwon zuciya jim kaɗan bayan ya gama zagayen. Wannan fa a inda ake da ma'aikatan lafiya a tsaye da gwaji kafin a shiga. Don haka duk mai cewa ai wasa ne kawai bai san abin da ke bayan kyamara ba.

Amma sukar da ake yi ta cewa zubar da mutunci ne, a nan na rabu da su. Bahaushe ya fi kowa sanin cewa ba kowace tsokana ce cin mutunci ba. Bafulatani da Babarbare za su haɗu a tasha su yi wa juna tatas, wanda bai sani ba ya ɗauka yanzu za a dambace, a ƙarshe su tafa su sha shayi, saboda kowa ya yarda da wasan kuma kowa na da damar ramawa. Sharuɗɗan nan biyu duk suna cikin Takeshi's Castle. Mutum da ƙafarsa ya zo, ba yunwa ce ta koro shi ba. Sannan masu gidan su suka fi kowa zama abin dariya, dakarun sarki cikin kayan dodanni da gashin bogi, yaran Kitano ana ta yi musu tsiya, shi kansa sarkin a wasan ƙarshe sai ya shiga 'yar motarsa da da'irar takarda a gaba, ana harbin juna da bindigar ruwa, daga baya aka koma ta haske, in aka huda tasa to an ci garin. Har lokacin da Kitano ya shiga rigima da wata mujalla a ƙarshen 1986 aka daina ganinsa a talabijin na wasu watanni, ba su tsaya wani kare martabarsa ba, wani suka sa ya ɗora ƙaton kan roba mai kamarsa ya zauna a kujerar. Kitanon nan fa shi ne ya zo ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Venice a 1997, wasan bai rage shi da komai ba.

Yanzu ka dawo ka dubi abin da ake mana a waya. Yaro ya ɗauki makirfo da mai riƙe masa kyamara, ya tare dattijo mai tura baro ko mai sayar da rake, ya jefa masa tambayar Turanci mai tarko wadda shi ma mai tambayar sai da ya haddace amsar, dattijo ya yi ta inda-inda, a sa sautin dariya a kai, a zuƙo fuskarsa, a watsa. Ko a tara almajirai a ce wanda ya fara cinye attaruhu ko ya shanye ɗanyen ƙwai zai samu dubu ɗaya. Za a ce ai sun yarda. Wace irin yarda? Wanda bai karya ba tun safe aka nuna masa dubu ɗaya, ba wasa ya shiga ba, aiki ya kama, kuma ba a gaya masa cewa gobe jikokinsa za su ga bidiyon a wayar maƙwabta ba, shi ko wayar ma ba shi da ita balle ya ga abin da ake rubutawa a ƙasa. Mai tambayar kuwa yana nan tsaf da gilashinsa da agogonsa, ba ranar da za a juya makirfon a ce to malam kai ma kawo sunan hatsi biyar da ake shukawa da damina. Kuɗin talla da mabiya duk nasa. Siffar iri ɗaya ce da ta Japan, tambaya da wahalar jiki da dariya, amma ɗaya wasa ne tsakanin mutanen da suka ƙoshi, ɗayan kuma mai abu ne ke wasa da marar shi.

Abin haushin ma shi ne irin shirin na gaskiya zai karɓu a nan ƙwarai. Amazon ta dawo da Takeshi's Castle a 2023, shekara sama da talatin bayan an rufe shi, don sun san har yanzu akwai masu kallo. Muna da tashoshi masu shirye-shiryen Hausa, muna da masu barkwancin da bakinsu kaɗai ya isa ya riƙe awa guda, muna da langa da kokawa da 'yar tsere cikin buhu da duk ɗan firamare ya sani, ga kacici-kacici da rediyo ta daɗe tana yi. A haɗa 'yan kasuwar waya da malaman makaranta, ko direbobin Adaidaita da ma'aikatan banki, kowa ya rubuta sunansa da kansa, a gaya masa ƙarara inda za a nuna, mata in suna so a yi musu nasu zagayen da shigar da ta yi musu, tambayoyin kuma su zama na abin da mutane suka sani, noma da tarihin gari da ƙwallo da lissafin kasuwa, ba Turancin tarko ba. Kyautar kar ta yi girman da mutum zai ɓoye hawan jininsa don ya shiga. Mai gabatarwa da furodusa su fara bin zagayen a gaban kowa kafin a kira ɗan takara na farko. Kamfanonin da ke zuba kuɗin talla a bidiyon attaruhu su za su iya biyan fili da katifu da motar asibiti, kuma in kasafin bai kai a ajiye likita a wurin daga safe har a tashi ba, to a bar tsalle-tsallen tukunna a yi kacici-kacicin a zaune.