Ban Ankara Ba

Wallahi har yanzu in na tuna daren Larabar nan sai in ji kamar in canza unguwa. Ni dai a teburin mai shayinmu Farfesa ake ce min, kuma ba wani digiri gare ni ba, kawai dai tun ina yaro rediyo na manne a kunnena, duk wata gardama ta duniya in ta ƙi ƙarewa ni ake jira in zo in yanke hukunci, in na ce kaza ne to an gama.

To ranar an ɗauke wuta, muna zaune bayan isha'i, wani tela abokinmu yana ba da labarin maigidansa da ya tafi Istanbul saro kaya. Ni kuma da ba a tambaye ni ba sai na gyara zama na fara lakca, na ce ai garin nan rabinsa a Turai yake rabinsa a Asiya, ruwa ne ya raba shi, Sultan Muhammad Al-Fatih ya ci shi da yaƙi a 1453, duk wannan daidai ne fa. Da na tsaya a nan da na tafi gida da mutuncina. Sai bakina ya ƙara da cewa shi ne ma babban birnin Turkiyya har gobe.

Mai shayin namu, wani siririn bawan Allah ɗan Damagaram wanda shekara biyar ban taɓa jin ya ce komai ba banda "madara nawa" da "ƙwai nawa", sai ya ɗago yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi ya ce, "Farfesa, Ankara ce."

Na yi dariya har da buga benci. Na ce malam Ankara ai a Ghana take, kakana can ya yi fataucin goro, ka ji mutum zai ɗauke mana gari daga bakin teku ya kai wa Turkawa. Jama'a suka goya min baya, don kowa ya san mu Hausawa Ankara muke ce wa Accra. Shi ko bai yi fushi ba, ya ce to mu sa sharaɗi, duk tambayar da na faɗi zan sayi shayi da burodi da ƙwai biyu wa mutum ɗaya a teburin, in shi ya faɗi in sha kyauta sati guda. Na ce na yarda, har ina lissafin a raina cewa satin nan ba ni ba kashe kuɗin karin kumallo.

Aka kira wani yaro ɗan sakandare mai data a waya ya zama alƙali. Yaron ya latsa ya latsa, ya kalle ni da tausayi ya ce Baba Ankara ce, Mustafa Kamal Ataturk ne ya mayar da ita babban birni tun 1923. Shekara ɗari da ɗoriya kenan fa, ni ina nan ina yi wa mutane lakca. Tela ya ce a soya masa nasa da albasa da yawa.

Mai hankali a nan zai ce sai da safe. Ni ko na ce tuntuɓen harshe ne, a kawo ta biyu. Ya ce Jamhuriyar Benin. Kai jama'a, na ji wani sanyi a raina, don ni na yi shekara uku ina bin wani dillalin motoci zuwa Kwatano, na san tashar jirgin ruwan, na san kasuwar Dantokpa, na hau babur ɗin 'yan acaɓarsu masu rigar ruwan ɗorawa har na gaji. Na miƙe tsaye na ce Kwatano, kuma in ba ita ba ce a ninka. Ya ce Porto-Novo. Na ce ƙarya ne, fadar shugaban ƙasa a Kwatano take da idona na gani! Alƙali ya ce e haka ne fadar tana can, amma majalisar dokoki da sunan babban birni suna Porto-Novo, kuma tsakaninsu bai fi kilomita talatin da wani abu ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk lokacin da muka shiga ta bodar Idiroko ta cikin garin muke ratsawa, na taɓa sayen ayaba a wurin ma, ashe a babban birnin ƙasa na tsaya ina tayin ayaba ban sani ba. Mutum biyu suka ci wannan tunda ni da bakina na ce a ninka.

Daga nan fa abin ya zama kamar walima, mutanen da ban taɓa gani a unguwar ba suka fara jawo benci, wani mai gadi har ya je ya taso ƙaninsa. Kwaddibuwa, na ce Abidjan, ya ce Yamoussoukro, garin su shugaba Houphouët-Boigny ne ya mayar da shi babban birni a 1983, ashe mutumin nan shekara bakwai ya yi yana sayar da shayi a Abidjan. Ostareliya na ce Sydney, ya ce Canberra, wai Sydney da Melbourne ne suka yi ta kishi kamar matan gida ɗaya sai aka gina sabon gari a tsakaninsu kowa ya huta. Da aka zo Brazil na tsaya na yi tunani, na gano dabarar, duk garin da ya fara zuwa min a kai to ba shi ba ne, sai na danne Rio na ce Sao Paulo. Brasilia ce, tun 1960.

Na ce to ya isa, yanzu ni zan yi tambaya, ai ba shi kaɗai ya iya ba. Na rasa me zan tambaya, don haushi sai na ce to ƙasarku Nijar ɗin, tunda aka kafa ta ai Yamai ce babban birni ko ita ma za ka ce min wani ƙauye ne? Sai ya ajiye buta, karo na farko da na ga haƙoransa. Ya ce Farfesa, Damagaram garinmu ita ce hedikwata a zamanin Faransawa, sai a 1926 suka kwashe suka koma Yamai. Wato ni na yi tambayar kuma ni na faɗi, aka yi ta musu ko wannan ma za a ci, alƙali ya ce za a ci, kuma shi ne zai ci.

Mutum bakwai, ƙwai goma sha huɗu. Kuɗin cefanen gobe ne a aljihuna, duk na juye, sauran aka rubuta min a littafin bashi, shi kuma ko ruwan bunu bai ba ni kyauta ba.

Da na isa gida uwargida ta miƙo hannu, na fara kame-kame, sai na ce bari dai in gwada 'yata da ke aji biyu a ƙaramar sakandare ko zan samu abokin kuka. Na ce ke, babban birnin Turkiyya? Ko ɗago kai daga kwanon tuwo ba ta yi ba ta ce Ankara mana Abba, wa zai faɗi wannan.

Yanzu in na doso teburin tun daga nesa yara ke ihu ga Porto-Novo nan, ga Porto-Novo nan. Jiya ma wani mai Keke da ban san shi ba ya tsaya ya tambaye ni wai yaushe za a sake yin gasar, yana so ya zo da wuri.